Kaset Ɗin Bajapane da Yayen 'Yar Farina

Shekarun baya, tun masaƙun Kakuri na kaɗa jiniya ma'aikata su cika titi kamar an tashi kasuwa, muna zaune a wani gidan haya a Makera ta Kaduna, ni da maigidana da 'yarmu ta fari. Ɗaki tara ne a gidan, famfo ɗaya, igiyar shanya biyu. Kowane ɗaki da yarensa, amma in an fito tsakar gida Hausa ake yi, kowa da irin tasa. Ni ce ƙarama a matan gidan, shi ya sa har na haihu, har yarinyar ta fara tafiya, ba a daina ce mini Amarya ba.

Sai na fara gaya muku wani abu, don 'yan yanzu ba lalle ku san shi ba. A inda na taso ba a nuna son ɗan fari. Ba kya kiran sunansa, ba kya yi masa wasa a gaban mutane. In ya faɗi kina kallo, sai ki kau da kai wata ta ɗaga shi. Haka na ga mahaifiyata ta yi wa yayana, haka ita ma aka yi mata. Kunya ke nan, kuma macen da ba ta da ita a lokacin, ai sai a yi ta nuna ta da baki.

Ni kuma Allah Ya yi ni da fargaba. In yarinyar nan ta yi barcin rana ya wuce yadda na saba, sai na sakaya ƙofa in sa yatsa a ƙasan hancinta in ji ko tana numfashi. In ta yi tari sau biyu, na gama ganin asibiti a idona. Ruwan shanta ma daban nake dafawa in ɓoye a bayan akwati, kada a ce na cika iyayi. Amma da zarar mun fito tsakar gida sai in zama wata. Ta zo ta riƙe mini zane, in ce, “Ke, matsa can.”

Maƙwabciyata ta ɗakin da ke kallon namu 'yar Filato ce, Kirista, muna ce mata Maman 'yan biyu. Mijinta makanikin injin saƙa ne, masaƙa ɗaya da maigidana. Ita abin nan nawa bai taɓa shiga kanta ba. Ran nan yarinyar ta yi tuntuɓe da bokiti ta faɗi, na ci gaba da tsintar shinkafa. Maman 'yan biyu ta ɗaga ta tana kaɗe mata gwiwa, ta ce, “Amarya, wai wannan 'yar taki ce ko ta gwamnati ce aka ba ki ajiya?”

Na ce, “Ai ba ta ji ciwo ba.”

Ta ce, “Yaya aka yi kika sani? Ba ki duba ba.”

Na duba mana. Ta wutsiyar ido na duba, har ƙwarzanen da ke gwiwar hagu na gani kafin ita ta gani.

A ɗakinsu ne kawai akwai bidiyo a duk gidan. Ranar Asabar bayan la'asar, in akwai wuta, matan gida da yara sai mu cika ɗakin, wasu a tabarma wasu a bakin ƙofa. Fim ɗin Indiya muke kallo, wani lokaci na faɗan Sin. Ba ma jin yaren ko ɗaya, amma ba mu taɓa rasa gane wane ne mugu ba.

Wata Asabar Baban 'yan biyu ya dawo da wani kaset da babu hoto a bayansa, sai farar takarda da rubutu kamar sawun kaji. Ya ce wani Bajapane ne ya ara masa, cikin waɗanda suka zo haɗa sababbin injina a masaƙa, mako guda zai yi a hannunsa. Da aka ji na Japan ne, kowa ya gyara zama. Yau za a ga duka.

Aka kunna. Sai ga ruwan sama yana ɗiga daga bakin rufi cikin wani baho. Ba mutane ba ne ma, zane ne, katun. Ɗis. Ɗis. Muka jira. Ruwan ya ci gaba da ɗiga. Matar tela ta ce, “Ko kaset ɗin ya maƙale ne?” Can sai ga wata mata an zana ta tana wanke shinkafa, da goyo a bayanta. Ba waƙa, ba rawa, ba wanda ya fito daga bayan bishiya da takobi. Zanen ma ba mai sheƙi ba ne irin na talabijin. Layukan suna ɗan rawa, launin kamar an wanke shi, wani wurin ma ya tsallake layi.

Manya suka ce na yara ne, suka fara zamewa. Yara suka ce ba nasu ba ne, suka fita wasa. Ni ma na yunƙura zan tashi in ɗora girki, sai matar cikin zanen ta yi wani abu. Goyon ya zame mata ƙasa kaɗan, sai ta ɗan yi tsallen nan da muke yi, ta tallafo ɗuwawun yarinyar da bayan hannu saboda tafin a jiƙe yake, ta ci gaba da wankin shinkafarta. Na koma na zauna. Na ce a raina, duk wanda ya zana wannan, ya san goyo.

Fim ɗin bai fi minti ashirin da 'yan kai ba. Yarinyar ta ɗan girma, kamar shekara huɗu. Uwar tana taje mata kai, ta riƙe abin ɗaure gashi a baki. Uwar tana hura mata abinci. Uwar tana goge mata ƙafa a bakin ƙofa, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Maganarsu kaɗan ce, kuma ko kalma ban ji ba, sai guda ɗaya da take ta dawowa, na gane sunan yarinyar ne. Ta kira shi da faɗa, ta kira shi da dariya, ta kira shi a hankali yarinyar na barci, ba don ta tashe ta ba, don kawai ta faɗa. Ni da ban taɓa furta sunan tawa ba tun ranar suna, sai na ji kamar ana yi mini leƙen asiri.

Daga nan wata tsohuwa ta zo da ƙunshin kaya. Aka tafi bakin ruwa. Tsohuwa da yarinya suka shiga jirgin ruwa, uwar ta tsaya a gaɓa ƙiƙam, ta haɗa hannuwa a gaba, ta rusuna. Jirgi ya fara ja. Tana nan tsaye. Sai can, ba zato, ta ɓalle da gudu tana bin gaɓar, tana ƙwala sunan nan. Tana gudu tana ƙanƙancewa, har ta koma kamar ƙwayar gero. Sai ruwa kawai. Sai rubutun sawun kaji. Shi ke nan.

Na waiga, daga ni sai Maman 'yan biyu a ɗakin, sai yarinyata da ke barci a bayana. Ta ce, “To? Shi ke nan? Wannan mutumin ya cuce mu Asabar guda.” Ta dube ni. “Amarya, kuka kike yi wa katun?”

Na ce hasken talabijin ne yake sa mini ruwan ido.

Abin da ba ta sani ba, kwana uku kafin nan saƙo ya zo daga ƙauyen su maigidana, can bayan Zariya. Mahaifiyarsa, da muke kira Inna, za ta zo Asabar mai zuwa ta tafi da yarinyar yaye. Haka ake yi: in yaro ya kusa shekara biyu kaka ta ɗauke shi, ya manta da nono a wurinta. Kwana arba'in aka ce. Amma na san 'yar farin yayan maigidana ma kwana arba'in aka ce, ga ta can har ta iya daka.

Na gwada yi wa maigidana magana. Na jira ya gama cin abinci, na ce, “Wai ba a iya yin yaye a nan ne? Na ga matar tela a ɗakinta ta yi nata.”

Ya ce, “Matar tela uwar mijinta ta rasu.”

Na ce, “Rijiyar gidan Inna ba ta da murfi.”

Shi ma fa 'yar farinsa ce, shi ma bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya dawo daga aiki da biskit a aljihu ya ajiye a inda hannunta zai kai, ya yi kamar mantawa ya yi. Ya ce, “In kina iyawa, ki faɗa wa Inna da bakinki.” Ya san ba zan iya ba. Yaya za a yi in buɗe baki in ce wa surukata ina son 'yata?

A makon nan sau biyar na koma kallon kaset ɗin. Da maza sun tafi aiki, 'yan biyu sun tafi makaranta, sai in je in tsaya a ƙofar ɗakin in ce ko tana da ɗan gishiri. Ta ce, “Shigo, gishirinki na cikin bidiyo.” Da farko zama take yi tana yi musu magana da Hausa don ta ba ni dariya. In tsohuwar ta fito sai ta canza murya ta ce, “Ina kwana, na zo ɗaukar kayana.” A kallo na uku ta daina. Ta zauna tana gyaran wake.

Kowane kallo da abin da nake tsinta. Na lura ba a taɓa nuna saman tebur ba, kullum ƙafafunsa ake gani da gefensa. Na lura fuskar uwar daga ƙasa ake ganinta, haɓa da ƙasan hanci, sai in ta durƙusa ne ake ganin idonta sosai. Hannunta kuwa an zana shi da kula fiye da komai, har wata 'yar ƙuna a gindin babban yatsa. Sannan a ƙarshe, wurin gudun nan, hoton ba ya tsayawa wuri ɗaya, sama yake yi yana ƙasa a hankali. Na sa aka mayar da wurin baya har sau uku.

Na ce, “Maman 'yan biyu, mu fa a cikin jirgin muke.”

Ta ce, “Wane jirgi? A Makera muke.”

Na ce, “Duba yadda yake lilo. Wanda ya zana abin nan ba a gaɓa ya tsaya ba. Kuma gajere ne, komai daga ƙasa yake hango shi. Yarinyar ce. Wallahi yarinyar ce ta girma ta zana.”

Ta ajiye tiren waken ta kalle ni. Ta ce, “Ke da kika ce aji uku kika yi?”

Aji uku na yi kuwa. Amma wannan ba karatu ba ne, kallo ne, kuma mai fargaba ba abin da ya iya kamar kallo.

Ita ce ta matsa wa mijinta ya tambayi Bajapanen. Tambaya biyu na ba da: wa ya zana, kuma yarinyar ta dawo? Baban 'yan biyu ya ce Turancin mutumin bai fi cikin cokali ba, nasa ma ba wani mai yawa ba ne, amma zai gwada.

Ranar Juma'a da yamma ya dawo, ya tsaya a tsakar gida da kayan aikinsa duk baƙin mai, ya ce, “Amarya, fito ki karɓi amsarki.” Na fito na tsaya daga bakin ƙofa. Ya ce da ya yi tambayar, mutumin ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Sannan Bajapanen ya ce ƙanwarsa ce ta zana. Ba sana'arta ba ce, a wani shago take aiki. Ita da ƙawayenta biyu ne suke haɗuwa ranar hutu a ɗaki kamar namu, suna zana takarda ɗaya bayan ɗaya, shekara uku suna yi. Ba kamfanin da ya sa su, ba a taɓa nuna shi a silima ba, sai a wani ɗan zaure da suka ara, aka kwafa a kaset kaɗan aka raba wa 'yan uwa. Yarinyar cikin jirgin kuwa ita ce. Mahaifinsu ya rasu, uwar ta shiga aikin masana'anta, aka kai ƙaramar wurin kaka a wani tsibiri.

Na ce, “Ta dawo?”

Ya ce, “Ta dawo, bayan shekara takwas. Amma ya ce ƙanwar ta gaya masa, in ta rufe ido ta nemi uwarsu ta wancan lokacin, gudun nan take fara gani. Ta ce shi ta riƙe duk shekarun.” Ya gyara tsayuwa. “Kuma ya ce wa ya yi wannan tambayar? Na ce matar abokina ce. Ya ce in gaishe ki haka.” Sai ya haɗa ƙafafu, ƙato da shi, ya rusuna mini har kusan gwiwa. Matan gida suka kwashe da dariya, matar tela har da guɗa. Na shige ɗaki da gudu.

Amma da na zauna a bakin gado, dariyar ba ta biyo ni ba. Abu ɗaya nake juyawa. Waccan ta riƙe gudun uwarta. Tawa in ta rufe ido ta neme ni, me za ta gani? Ƙeyata. Mace tana tsintar shinkafa tana cewa matsa can.

Inna ta iso ranar Asabar da ƙullin daddawa da kuka da man shanu. Kada ku ɗauka muguwa ce. Tsohuwa ce mai barkwanci, tana shigowa ta ɗauki yarinyar ta ɗaga sama ta ce, “Ƙawata, an ce kin fi ni kyau, na zo in gani da idona.” Ta dube ni ta ce, “'Yar nan, kin rame. Ki huta ki ci abinci, ki samo mata ƙani.” Na durƙusa na ce to. Ita da kanta ta jiƙa maɗaci ta ba ni na shafa a nono. Yarinyar ta kama, ta saki, ta kalle ni kamar ta ce me na yi miki. Na kalli rufi.

Lahadi da safe aka shirya. Na ninke kayanta a jaka, na cusa maganin zazzaɓi a cikin hular sanyi inda ba za a gani da wuri ba. Uwa ba ta rakiya a irin wannan tafiyar, ba ta ma tsayawa kallo. Don haka na kwashi kwanuka na je bakin famfo na juya wa ƙofar gida baya. Na ji Inna tana sallama da mutanen gida. Na ji maigidana ya ɗauki jaka. Na ji muryar yarinyar daga bayan Inna tana cewa, “Mma. Mma.” Na ci gaba da dirzar tukunyar da ta riga ta fita.

Gidan ya yi tsit. Maman 'yan biyu ta fito da shirin coci, da ɗankwalinta mai tsayi da littafinta a hannu. Ta tsaya a kaina. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce a hankali, “Amarya, motar Lahadi ba ta cika da wuri.” Ta wuce.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fizgi mayafi a igiya, ba ma nawa ba ne. Na zura takalmi a bakin ƙofa, sai a hanya na gane ƙafa ɗaya nawa ne, ɗaya na maigidana. Hannuna duk kumfa. Haka na ratsa layinmu, na wuce mai ƙosai, na wuce masu tafiya coci cikin kwalliya suna buɗa mini hanya, takalmi ɗaya na cewa fat, ɗaya na cewa fatau.

Motar na nan a bakin titi, saura mutum biyu, kwandasta yana ta kiran masu haye gada zuwa cikin gari. Inna na gefen taga da yarinyar a cinya, maigidana a kusa da ita. Da ya hango ni, sai da bakinsa ya buɗe.

Inna ta ce, “Lafiya, 'yar nan? An yi mantuwa ne?”

Duk maganar da na tsara a guje ta watse. Na tsaya ina haki. Na ce, “Na zo ne in ga ko kun samu mota.”

Ta dubi motar da take zaune a ciki, ta dube ni, ta dubi ƙafafuna. Ta ce, “Mun samu.”

Yarinyar ta miƙo hannu ta taga. Na kama shi da hannuna mai kumfa. Sai na ji bakina ya kira sunanta. Sau ɗaya, a hankali, kamar mai gwada ko zai fito. Ya fito. Na sake kira. Na uku da ƙarfi ya fito, har wani mai hula a gaba ya waigo. A gaban surukata, a gaban mijina, a bakin titin Makera.

Na jira saukar magana. Sai Inna ta juya kanta ɗaya gefen, ta leƙa ta kan maigidana, ta ƙwala wa wata mai lemo kira. Ta shiga ciniki, wannan bai nuna ba, wancan ya yi ƙanƙanta, a canza mata. Tsohuwar da ba ta shan lemo saboda haƙori. Ba ta juyo ba sai da mota ta cika. Maigidana kuwa ya dage da karanta wata takarda da aka manna a jikin gilashi, kamar za a yi masa jarrabawa a kanta.

Mota ta tashi. Na so in ce muku na bi ta har ta ɓace kamar matar cikin zanen, amma ƙarya zan yi. Ban kai wurin mai faci ba takalmin maigidana ya fice, ƙirjina ya yi nauyi da nono, na tsaya. Na ga ɗan hannun a taga har suka sha kwana. Na koma na ɗauki takalmin, na taka a hankali zuwa gida, na mayar wa matar tela mayafinta.

Litinin aka mayar da kaset ɗin. Ba da daɗewa ba Bajapanen ya gama aikinsa ya koma ƙasarsu. Kwana arba'in kuwa suka zama shekara shida. Gudun da na yi bai rage ko kwana ɗaya ba. Muna zuwa da Sallah, in sami yarinyar ta yi tsawo, ta ɓuya a bayan Inna tana leƙena, a ce ta gaishe ni ta gaishe ni kamar baƙuwa. Haƙorinta na farko ya faɗi ban gani ba. Ta yi ƙyanda ta warke kafin labari ya iso ni. Sai da ƙafar Inna ta matsa mata, kuma maganar makaranta ta taso, aka dawo mini da ita, da Hausar ƙauye a bakinta da kitson da ba hannuna ya yi ba.

Ban taɓa tambayarta komai ba sai da ita ma ta haifi nata na fari, ta zo gida wanka. Ina gasa mata jiki ran nan, na ce, “Kina tuna ranar da aka tafi da ke yaye? A mota?”

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Ta ce, “Mama, shekarata nawa? Ko biyu ban cika ba fa.”

Kun ji wautata. Duk lissafin da na yi a bakin gado, ban lissafa cewa yarinyar cikin zanen ta ninka tawa a shekaru ba. Na yi gudu don a tuna, ashe mai tunawar ba ta kai ba. Na ci gaba da matse tawul.

Sai ta ce, “Amma na san labarin. Na ji shi ya fi sau ɗari.”

Na ce, “A bakin wa?”

Ta ce, “Inna mana. Duk ranar da yara suka tsokane ni suka ce uwata ta yar da ni, sai ta zaunar da ni ta ce, ke rufe mini baki, duk garin nan wa ke da uwa irin taki? Uwar da ta biyo mota da takalmi wari da wari, tana kiran sunanki a tsakiyar Kaduna ko kunyata ba ta ji ba. Har tashi take yi ta gwada mini yadda kike gudu.”

Lokacin Inna ta shekara tara a ƙarƙashin ƙasa.

Yanzu jikokina suna nuna mini irin waɗannan zane-zanen na Japan a waya, sun fi a ƙirga. Suna mamakin yadda nake zama in kalla. Masu faɗa da tashi sama ba su dame ni ba, amma in na samu wanda aka bar ruwan sama ya sauka ba a katse shi ba, ko aka tsaya aka nuna hannu yana yanka albasa, ba mai tashe ni a wurin. Sun yi ta nema mini wancan na kaset ɗin, ba su samu ba. Ban san sunansa ba, ban san sunan matar ba, ban san ko tana raye ba. Mata uku a ɗaki suna zane ranar hutu, ba wanda ya sa su, ba su san akwai wani wuri Makera ba. Nakan so a ce ta ji cewa ya iso.

Shekara shidan nan har yau suna yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma wadda na fi kewa yanzu Inna ce. Na yi shekaru ina gaishe ta a durƙushe, da ɗan abu a raina, ina ganin ita ta raba ni da 'yata, ashe tana can tana dafa bango da ciwon ƙafarta tana kwaikwayon guduna. Da na sani tana raye, da na hau mota na je. Ko da yake na san kaina, na kuma san ta. Da na isa zan durƙusa in ce, Inna, ya ƙafa? Ta ce da sauƙi, 'yar nan, ya hanya? Mu zauna a tabarma ɗaya har la'asar, ba wadda za ta tayar da maganar.